Yadda Ake Gyara Ƙasar Tokar Aman Wuta Mai Kanwa a Kwaruruwan Gabashin Afirka

A Babban Kwarin Gabashin Afirka, wato tsagin da ya ratsa Habasha da Kenya da Tanzaniya, akwai filaye shimfiɗaɗɗu kamar faifai waɗanda duk mai sha'awar noman rani zai yi kwaɗayinsu. Ga faɗi, ga ruwa a kusa, babu dutse babu kututture. Irin su ne filayen Metehara da Amibara a bakin kogin Awash na Habasha, da kuma kwarin Amboseli da ke gabas da tsagin, a gindin dutsen Kilimanjaro. Sai dai wani ɓangare babba na ƙasar toka ce da duwatsu masu aman wuta suka fesar, iska da ambaliya suka tara ta a kwari. Idan ta bushe sai ta zama gari, in ta jiƙe sai ta zama taɓo mai santsi, ruwa ya kwanta a kai kwana da kwanaki, bayan ya janye kuma a ga fari-fari ya feso kamar an barbaɗa gishiri.

Wannan farin abu ba baƙo ba ne a wurin Bahaushe. Kanwa ce, danginsu ɗaya da wadda ake haƙowa a yankin Tafkin Chadi da Dallol Bosso. Tokar aman wuta ƙananan ɓarɓashin gilashi ce, kuma idan ruwa ya daɗe yana cinta sai ta saki sinadarin sodiyam da yawa. A wuri mai gangara da yawan ruwan sama, sodiyam ɗin wucewa yake yi zuwa teku. A kwarin da ba shi da mafita kuwa, inda ruwan sama bai cika wuce milimita 600 a shekara ba alhali abin da rana ke ƙafarwa ya ninka haka sau uku ko fiye, ruwan ne ke tashi sama ya bar kanwar a ƙasa. Da haka tafkin Magadi na Kenya ya cika da kanwar da aka kafa kamfanin haƙarta tun 1911. Sodiyam idan ya maƙale a jikin yumɓu sai ya warware shi, ƙwayoyin ƙasa su rabu da juna su toshe ƙofofin da ruwa da iska ke bi. Shi ya sa matsalar kanwa da matsalar kwanciyar ruwa suke tafiya tare, kowace tana ƙara wa 'yar'uwarta ƙarfi.

Aikin gyara yana da jeri, kuma wanda ya sauya jerin ya yi asarar kuɗinsa: a gwada, a buɗe wa ruwa hanyar fita, a zuba jifsam (farin dutsen da ake yin POP da shi), a wanke, sannan a shuka.

Mataki na farko: haƙa rami ka ga abin da ke ƙarƙashi

Kafin a kira tarakta, a haƙa rami mai zurfin mita 1.5 zuwa 2, aƙalla ɗaya a kowace hekta biyar, a ƙara wani a duk inda launin ƙasa ko irin ciyawa ya sauya. Ƙasar toka hawa-hawa take, domin kowane aman wuta da kowace ambaliya sun bar nasu shimfiɗin. Kana iya samun toka mai laushi a sama, sai baƙin yumɓu, sai shimfiɗin dutse mai ƙofofi marar nauyi irin wanda ake goge kaushi da shi, sai kuma wani falale mai tauri da diga ke tsalle a kansa. Rubuta zurfin kowanne da kaurinsa. Duba launi: toka-toka mai shuɗi-shuɗi ko ɗigon tsatsa alama ce ta cewa ruwa yana daɗewa a wannan zurfin, ko da ranar da ka haƙa babu shi. Bar ramin ya kwana, da safe ka auna inda ruwa ya tsaya.

Akwai gwaji uku da ake yi a bakin ramin ba tare da na'ura ba.

Na ɗaya: ɗauki busasshen curin ƙasa kamar ƙwayar gyaɗa, ka ajiye shi a hankali cikin kofin gilashi mai ruwan sama, kada ka girgiza. Idan ya ruguje kawai ruwan ya zauna garau, babu damuwa sosai. Idan cikin minti goma zuwa awa biyu ruwan da ke kewaye da shi ya yi hazo kamar an ɗiga madara, sodiyam ya riga ya warware yumɓun. Dole ruwan ya zama na sama ko tataccen ruwan nan da ake ƙara wa batir, domin ruwan rijiya mai gishiri yana ɓoye alamar.

Na biyu: ɗiga ruwan lemun tsami mai ƙarfi a kan busasshiyar ƙasa daga kowane hawa. Idan ta yi kumfa, akwai farar ƙasa a ciki, ko kanwar kanta ta yi yawa. Wannan bayani zai yi amfani wajen zaɓen maganin da za a zuba.

Na uku: dama ƙasa da ruwan sama, ka bari ta kwanta, ka tsiyaye ruwan saman ka zuba masa ɗan garin gangamau. In ya juya daga rawaya zuwa ja, kanwar ta yi ƙarfi. Mai girki ta san irin wannan sauyin launi tun daga abin da kanwa ke yi wa zoɓo.

Shi kuma falalen nan mai tauri, fasa guntunsa ka jiƙa a ruwa kwana ɗaya, wani guntun kuma a ruwan tsami. Idan bai narke a ko ɗaya ba, sinadarin gilashin da ya fito daga tokar ne ya ɗaure shi kamar siminti. Jifsam ba ya taɓa irin wannan, sai an fasa shi da ƙarfe.

Daga nan a ɗebi samfuri don ɗakin gwaji: daga sama zuwa santimita 15, daga 15 zuwa 30, daga 30 zuwa 60, daga 60 zuwa 100, a wurare 10 zuwa 15, a haɗa na kowane zurfi daban. Kada a gauraya na fakon da ba ya fitar da komai da na wurin da shuka ke yi, domin sakamakon zai fito tsaka-tsaki, bai bayyana ko ɗaya ba. A takardar sakamako, lambobi huɗu ake nema. EC na nuna yawan gishiri, kuma daga 4 zuwa sama ƙasa ta zama mai gishiri. ESP na nuna kaso nawa cikin ɗari na wuraren riƙe sinadarai a jikin yumɓu sodiyam ya mamaye, kuma iyakar da aka saba ja ita ce 15. Sai pH, ma'aunin tsami ko kanwar ƙasa, wanda idan ya haura 8.5 akwai kanwa, a irin waɗannan kwaruruwa kuwa ba abin mamaki ba ne a ga 9.5 ko 10. Na huɗu CEC, wato ƙarfin ƙasa na riƙe sinadarai, da shi za a yi lissafin jifsam. A nemi su auna nauyin ƙasar ma, domin ta toka ta fi sauran ƙasa sauƙin nauyi, lissafin da aka yi da nauyin ƙasar gama-gari zai sa a sayi fiye da buƙata.

Mataki na biyu: gwada ruwan ban-ruwa

Mutane da yawa suna gwada ƙasa su manta da ruwa, alhali sau da yawa shi ne ɓarawon da ke cikin gida. Ruwan ƙarƙashin ƙasa da na maɓuɓɓuga masu zafi a wannan yanki ya bi ta cikin toka iri ɗaya, saboda haka yana ɗauke da kanwa. A nemi EC na ruwan: ƙasa da 0.7 babu matsala, daga 0.7 zuwa 3 sai da lura, sama da 3 akwai haɗari. A nemi RSC, wanda ke nuna rarar kanwa a ruwa: ƙasa da 1.25 lafiya lau, daga 1.25 zuwa 2.5 sai da gyara, sama da 2.5 ba a ban-ruwa da shi haka nan. A ƙara da boron, domin wasu amfanin gona irin su lemu suna fara wahala tun bai kai miligiram 1 a lita ba.

Sai fuloraid. Ba ya cika damun shuka, amma yana ɓata haƙora da ƙasusuwan mutane da dabbobi. Iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wa ruwan sha ita ce miligiram 1.5 a lita, kuma rijiyoyi da yawa a kwarin sun zarce haka nesa ba kusa ba. Yankin Wonji na Habasha ya yi suna da wannan larura. Ruwan da ya fito daga magudanar gona kada a bari ma'aikata ko garke su mai da shi abin sha.

Idan RSC ya ɗan haura, ana rage shi da jifsam: kilo 86 na tsantsar jifsam a cikin ruwa mita kubik 1,000 yana sauke maki ɗaya. Hanya mai sauƙi ita ce a gina ɗan akwati a bakin babbar hanyar ruwa a cika shi da dunƙulen jifsam, ruwa ya riƙa bi ta ciki.

Mataki na uku: hanyar fita

Nan ne aikin yake, nan ne kuma aka fi gudu saboda tsada. Ƙasar toka mai laushi tana jan ruwa sama kamar lagwanin fitila. Idan ruwan ƙarƙashi yana mita ɗaya daga sama, rana za ta riƙa jawo shi, yana ƙafewa yana barin kanwa, komai yawan jifsam da aka zuba. Abin da ake so shi ne a riƙe shi a zurfin da ya wuce mita 1.5, in da hali mita 2.

Abin da ya faru a Metehara ya isa misali. Tafkin Beseka da ke gindin dutsen Fentale bai wuce murabba'in kilomita 3 ba a shekarun 1960, lokacin da kamfanin HVA na ƙasar Holan ya kafa gonar rake a wurin. Daga baya ya haura murabba'in kilomita 40, ya ci makiyaya da gonaki, ya sa sai da aka ɗaga hanyar mota da ta jirgin ƙasa. Ruwansa mai kanwa ne. Masana suna danganta kumburinsa da rarar ruwan ban-ruwa da kuma maɓuɓɓugan ƙarƙashin ƙasa. A Amibara ma, filayen auduga masu yawa an bar su saboda ruwan ƙarƙashi ya taso da gishiri. Saboda haka tambayar farko ita ce: ina ruwan da za a fitar zai tafi? A ɗauko na'urar awon tudu da gangara a tabbatar mafitar ta fi ƙasan magudana zurfi. In babu gangara, sai rijiyar tara ruwa da injin famfo, ko tafkin ƙafarwa a wuri mafi kwari nesa da gonaki da rijiyoyin sha. Tura ruwan kanwa cikin kogi kuwa zalunci ne ga na ƙasa da kai, kuma yawanci yana buƙatar izinin hukuma. Wanda ya rasa mafita gaba ɗaya gara ya tsaya nan ya mai da filin makiyaya.

Fara da saman ƙasa. A daidaita fili ya zama da gangara kaɗan, santimita 10 zuwa 20 a kowace mita 100, ba tare da tudu ko loko ba. Tudun da bai wuce tafin hannu ba shi ne zai zama farin tabo, domin ruwa ba ya rufe shi, gishirin kewaye kuma can yake taruwa. Wajen daidaitawa a kula kada a yanke ƙasar sama da yawa a tono ta ƙarƙashi, wadda ta fi kanwa. A haƙa lambatu a gefen da ke fuskantar tudu don tare ambaliya da ruwan da ke tsatsowa daga babbar hanyar ruwa, a kuma shafe hanyoyin ruwa da siminti ko a shimfiɗa musu leda mai kauri inda suka ratsa shimfiɗin dutse mai ƙofofi, domin nan ne ruwa ke zurarewa ba a gani.

Idan akwai falale a cikin santimita 80 na sama, a fasa shi da dogon haƙorin tarakta lokacin da ƙasa ta bushe ƙayau, layi da layi tazarar mita ɗaya, sannan a sake ratsawa a gicciye. A jiƙe ba ya fashewa, haƙorin yanka kawai zai yi ya shafe gefe kamar an yi yaɓe. Kada a yi amfani da garmar da ke kifa ƙasa.

Magudanan zurfi iri biyu ne. Buɗaɗɗen lambatu ya fi araha, amma a ƙasar toka mai sodiyam gefensa zubewa yake yi. Ruwa kan huda rami ta cikin bango, ya yi ta faɗaɗa shi a ɓoye, wata rana sai a ga gefen gona ya rufta. Don haka a kwantar da gefen sosai, faɗin mita 2 ga kowace mita ɗaya ta zurfi, a barbaɗa masa jifsam a dasa kiri-kiri. Na biyu shi ne bututun roba mai huji-huji, faɗin santimita 8 zuwa 10, a binne a zurfin mita 1.5 zuwa 2 da gangarar santimita 10 zuwa 20 a mita 100. Tazarar layi da layi tana iya kamawa daga mita 30 a ƙasa mai yumɓu zuwa mita 100 inda akwai shimfiɗin da ruwa ke bi da sauƙi, kuma injiniya ne zai yanke ta bayan ya auna saurin da ruwa ke cika rami. In an yi sa'a shimfiɗin dutse mai ƙofofi yana daidai wannan zurfin, a sa bututun a cikinsa, zai ja ruwa daga nesa.

Babban abin da ke kashe bututu a wannan ƙasa shi ne garin toka da ke shiga ta huji ya cika shi. Dole a lulluɓe shi da tsakuwa mai girma dabam-dabam, kauri santimita 8 zuwa 10 ta kowane gefe, ko da ƙyallen tacewa da aka yi don haka. A bar akwatin leƙawa a mahaɗar bututu, a sa raga a bakin fita saboda ɓeraye. Sannan a kafa bututun awo mai faɗin santimita 5 da tsawon mita 3 a tsakiyar layuka biyu, mita ɗaya ta ƙasansa a yi mata huji, a riƙa auna zurfin ruwa duk mako biyu ana rubutawa. Wannan littafin awo shi ne zai faɗa maka ko magudana na aiki.

Mataki na huɗu: jifsam

Jifsam shi ne farin dutsen nan da ake haɗawa a siminti, wanda kuma ake gasawa a yi POP. A Habasha ana haƙo shi a kwazazzaban Mugher da na kogin Abay. Aikinsa shi ne ya ba da kalsiyam, wanda zai ture sodiyam daga jikin yumɓu ya zauna a gurbinsa, ƙwayoyin ƙasa su sake dunƙulewa, ƙofofi su buɗe. Kada a rikita shi da farar ƙasa ta shafen bango. Ita ba ta narkewa a ƙasa mai kanwa, ƙonanniyar kuma ƙara pH take yi. Haka tokar murhu, wadda ke gyara ƙasa mai tsami, a nan ƙara wa Barno dawaki ne.

Ga lissafin. A ce CEC 30 ne, ESP kuma 35, ana so a sauke shi zuwa 10. Bambancin kaso 25 ne cikin ɗari, kaso 25 na 30 kuwa 7.5 ne. Kowane maki ɗaya yana cin giram 0.86 na tsantsar jifsam a kilo ɗaya na ƙasa, wato giram 6.45 ke nan. Idan mita kubik ɗaya na ƙasar yana da nauyin kilo 1,100, santimita 15 na saman hekta ɗaya zai kai kilo 1,650,000. A ninka, a samu kusan tan 10.6. In jifsam ɗin da ke kasuwa kaso 80 ne tsantsa, ya zama tan 13 da 'yan kai, buhu 265 ke nan mai kilo 50.

Ba lallai a zuba duka ba. Aikin da aka daɗe ana yi a cibiyar binciken ƙasa mai gishiri ta Karnal a Indiya ya nuna rabin wannan adadi ya isa a fara samun amfani, sauran aikin saiwoyi da taki su ƙarasa. Mai ƙaramin ƙarfi ya gyara rubu'in hekta da kyau ya fi ya yayyafa kaɗan-kaɗan a hekta guda.

A niƙa shi ya wuce rariya mai ido milimita 2. A watsa a busasshiyar ƙasa da aka daidaita, a ninka a kan fararen tabo, a yi haro marar zurfi ya gauraya da santimita 10 na sama kawai. Idan aka binne shi da zurfi, ya tsarma cikin ƙasa mai yawa, saman da ke toshewa kuma bai samu ba. Inda ɓawon kanwa ya yi kauri a sama, a fara kankare shi da shebur a fitar daga gona, domin kanwar da ke kwance a fili tana cinye kalsiyam ɗin jifsam tun bai kai ga yumɓu ba.

Idan ɗakin gwaji ya tabbatar akwai farar ƙasa a cikin ƙasar, ana iya amfani da farar wuta. Kilo 190 nata yana aikin tan ɗaya na tsantsar jifsam, amma sai ƙananan halittun cikin ƙasa sun juya ta ta zama ruwan tsami, wanda zai narkar da farar ƙasar ya saki kalsiyam. Wannan yana ɗaukar watanni, yana son danshi da iska, a ƙasar da ruwa ya kwanta kuwa ba ya faruwa. Takin gargajiya tan 10 zuwa 20 a hekta yana ƙara wa jifsam ƙarfi ƙwarai, kuma kusa da masana'antar sukari irin ta Wonji ko Metehara dusar tace ruwan rake tana yin wannan aiki. A guji takin da aka kwaso daga garken da ke kan fako mai kanwa.

Mataki na biyar: wanki

Jifsam ya saki sodiyam, amma yana nan cikin gona sai ruwa ya tafi da shi. A raba fili fangali-fangali da kunya mai tsayin santimita 30 zuwa 40, a danne ta sosai domin kunyar ƙasar toka saurin ɓallewa gare ta. Lita ɗaya ta ruwa ba ta narkar da fiye da giram 2 zuwa 2.5 na jifsam, saboda haka ruwa mai zurfin santimita 10 a hekta, wato mita kubik 1,000, iyakar abin da zai narkar tan 2.5 ne. Tan 7, wato kusan rabin adadin da aka lissafa a sama, zai buƙaci aƙalla santimita 30, a aikace kuma a shirya wa 50 zuwa 60.

Akwai hanya biyu. In aka tsare ruwa a kai ba yankewa, ƙa'idar da aka saba ita ce zurfin ruwa daidai da zurfin ƙasar da ake son wankewa yana fitar da kusan kaso 80 na gishiri. In kuwa aka riƙa ba da santimita 10 zuwa 15, a bari ya nutse, a jira kwana biyar zuwa bakwai a sake, ana kai wa ga wannan sakamako da ruwa ƙasa da rabin wancan, sai dai ya fi cin lokaci. Ga kwarin da ruwan ƙarƙashi ya riga ya yi kusa, hanya ta biyu ce ta dace. A yi aikin lokacin sanyi ko a haɗa shi da damina.

Kuskuren da ke ɓata fili gaba ɗaya shi ne wanke ƙasa mai gishiri da sodiyam da ruwa mai daɗi kafin a zuba jifsam. Gishirin da ke ciki shi ne ke ɗan riƙe yumɓun a dunƙule. Da an wanke shi aka bar sodiyam, sai ƙasar ta rufe ruf, ruwa ya daina shiga, pH ya ƙara hawa. Alamar wanki na tafiya daidai ita ce ruwa yana saurin nutsewa daga zagaye zuwa zagaye, bakin bututu yana zuba, EC na ruwan da ke fita yana sauka. Ruwan fari yakan fito baƙi-baƙi kamar shayi, kanwa ce ta narkar da ruɓaɓɓen ganye. In ruwa ya kwana huɗu bai nutse ba, a sake shi ta lambatu, a bar ƙasa ta bushe ta tsage, a ƙara jifsam a sama.

Mataki na shida: abin da za a shuka da yadda za a shuka shi

Shekarar farko ba ta albasa ba ce. Ga EC ɗin da kowane amfani ke jurewa kafin yabanya ta fara raguwa: sha'ir 8, auduga 7.7, dawa 6.8, alkama 6, shinkafa 3, tumatir 2.5, masara da rake 1.7, albasa 1.2. A fara da ciyawar kiwo mai juriya irin su kiri-kiri da ciyawar Rodis, ko zamarke da za a bari ya yi kwana 45 zuwa 60 a kifa shi ɗanye. Saiwoyinsu suna huda ƙasa, iskar da suke fitarwa kuma tana narkar da farar ƙasar da ke ciki. Shinkafa tana jure sodiyam fiye da yawancin hatsi, kuma tsayuwar ruwanta wanki ne, amma a wurin da ke da shimfiɗin dutse mai ƙofofi za ta ɗaga ruwan ƙarƙashi har gonar maƙwabci. Fili kuma kada a bar shi tsirara, domin a yankin Afar na Habasha bishiyar ƙaya ta furosofis da aka shigo da ita daga nahiyar Amurka tana mamaye gonar da aka bari cikin 'yan shekaru, cire ta kuwa jan aiki ne.

A ban-ruwan kwari da kunya, gishiri yana bin danshi ya taru a ƙololuwar kunya. Saboda haka a shuka a kafaɗarta, ɗan sama da inda ruwa ke tsayawa. In kunya mai faɗi ce, layi biyu, ɗaya a kowace kafaɗa, a bar tsakiya ga gishiri. A ƙara iri da kaso 25 cikin ɗari domin ba duka zai tsiro ba, kada a zurfafa shi, kuma in ɓawo ya kama sama kafin tsiro a ba da ruwa kaɗan don ya yi laushi. A rufe ƙasa da kara ko ciyawa.

Ban-ruwa ya zama kaɗan-kaɗan a kai a kai, tare da ɗan ƙari da zai riƙa tura gishiri ƙasa. Ana lissafa ƙarin haka: a ninka juriyar amfanin sau 5, a cire EC na ruwa, sannan a raba EC na ruwa da abin da ya rage. Da ruwa mai EC 1.2, auduga na buƙatar kusan kaso 3 cikin ɗari, masara 16, albasa 25. Abin da ya wuce haka ɗaga ruwan ƙarƙashi kawai yake yi.

Taki ma yana da nasa sharaɗi. Yuriya da aka watsa a saman ƙasa mai kanwa tashi take yi ta bi iska, don haka a binne ta santimita 5, a raba ta kashi uku, a ƙara kaso 20 zuwa 25 a kan abin da aka saba. Amoniyam salfet ya fi ta dacewa in ana samu. Takin fosfat a sa shi a layi kusa da iri, bayan gwaji ya nuna ana buƙata, domin sabuwar ƙasa mai kanwa takan kasance da isasshe. Fotash yawanci toka ta tanadar. Abin da ke ƙaranci shi ne zinki da ƙarfe: a zuba zinki salfet kilo 25 a hekta kafin shuka, in kuma sababbin ganye suka yi rawaya jijiyoyinsu na kore, a fesa salfet na ƙarfe giram 5 zuwa 10 a lita, da yamma, sau biyu ko uku tazarar mako guda. Zuba shi a ƙasa ɓarna ce, kanwa za ta ɗaure shi nan take.

Mai kiwo a irin wannan fili ya lura da garkensa. Ciyawar ƙasa mai kanwa da danshi takan tara sinadarin molibdinam, wanda ke hana jikin dabba amfani da jan ƙarfe, sai a ga zawo, rama, da baƙin gashi yana komawa ja-ja. A kewayen Nakuru ta Kenya kuma an daɗe da sanin ciwon ramar shanu da ƙarancin kobal ke jawowa a ƙasar toka. Gishirin lasa mai ɗauke da jan ƙarfe da kobal yana magance su, amma wanda aka haɗa don shanu kada a ba tumaki, jan ƙarfe kaɗan ke kashe su.

Bayan kowane girbi a sake ɗibar samfuri a wuraren da aka ɗiba da farko, a lokaci ɗaya na shekara, a kwatanta. Santimita 15 na sama yakan gyaru a shekara ɗaya ko biyu, ƙarƙashi kuwa yakan ɗauki uku zuwa biyar. A yashe lambatu kafin damina, a wanke bututu da ruwa mai ƙarfi idan zubarsa ta ragu. In fararen tabo suka dawo, a fara duba littafin awon ruwan ƙarƙashi kafin a sayi ko buhu ɗaya na jifsam: idan ruwan ya taso har zurfinsa bai kai mita 1.5 ba, magudana ce ta toshe ko ban-ruwa ya yi yawa, idan kuma ya fi haka zurfi, a sake gwada RSC na ruwan da ake ba gonar.